Ra'ayin riƙau a kan tarbiyyar ɗan ƙasa, dogaro da kai da girmama doka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan tasowa duk lokacin da aka ɗauko zancen masu ra'ayin riƙau, waɗanda wasu ke kira 'yan mazan jiya. Ni da na tsara amsoshin ina ganin akwai gaskiya mai nauyi a cikin wannan ra'ayi, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Inda na ga mabiyansa sun yi kuskure ma zan faɗa.

Da farko dai, mene ne ra'ayin riƙau?

Ra'ayi ne da ke cewa al'umma abu ne da aka gada, an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana gina ta, saboda haka duk wanda zai taɓa ta ya taɓa da hankali. Mutumin da aka fi danganta wannan tunani da shi a Turai shi ne Edmund Burke, haifaffen birnin Dublin a 1729, wanda ya daɗe a majalisar dokokin Birtaniya. A 1790, lokacin da juyin juya halin Faransa bai daɗe da farawa ba kuma masana da yawa na ta yaba masa, Burke ya rubuta littafi yana gargaɗi. Ya ce waɗanda suka rushe sarauta da coci da kotuna da tsoffin dokoki a lokaci guda, da niyyar gina sabuwar ƙasa daga tunanin kansu, za su wayi gari babu abin da ya rage sai ƙarfin soja, kuma wani kwamanda ne zai zo ya mallake su. An kashe Sarki Louis na 16 a 1793, aka shiga zamanin sare kawuna, a 1799 kuma Napoleon ya ƙwace mulki. Burke bai ga wannan na ƙarshe ba, don ya rasu a 1797.

A wurinsa al'umma amana ce tsakanin waɗanda suka rasu, da masu rai, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Mu da muke raye riƙo aka ba mu.

Ke nan ba sa son a canza komai?

Suna so. Burke da kansa ya ce ƙasar da ba ta da hanyar gyara kanta ba ta da hanyar tsare kanta. Abin da suke tsoro shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Wani marubucin Ingila, G. K. Chesterton, ya ba da misali a 1929 da shingen da aka gitta a kan hanya. Mai gaggawa zai ce bai ga amfaninsa ba, a cire. Mai hankali zai ce masa ya je ya binciko dalilin da ya sa aka kafa shi, idan ya dawo da amsa sai a duba ko za a cire. Nauyin kawo hujja yana kan mai son rushewa, domin shi ne zai bar wa jama'a ɓarnar idan lissafinsa bai fita ba.

Me ya haɗa tarbiyyar ɗan ƙasa da dogaro da kai da bin doka? Ai kamar abubuwa uku ne daban-daban.

Igiya ɗaya ce mai tufka uku. Doka ba ta aiwatar da kanta. Sai an sami shaidan da zai faɗi gaskiya ko da a kan ɗan'uwansa ne, da magatakardan da ba zai ɓatar da fayil ba, da wanda aka kayar a zaɓe ya tattara kayansa ya bar ofis. Irin waɗannan mutane tarbiyya ce ke samar da su. Sannan ko mutum ya sami tarbiyyar, idan cinsa da shansa da aikinsa duk a hannun mai mulki suke, da wuya ya iya kallon idonsa ya ce masa ya taka doka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa masu wannan ra'ayi ke ɗaukar dogaro da kai a matsayin batun 'yanci kafin ya zama batun aljihu.

Wani masanin shari'a Bajamushe, Ernst-Wolfgang Böckenförde, wanda daga baya ya zama alƙali a kotun tsarin mulkin Jamus, ya faɗi wata magana a shekarun 1960 da har yanzu ake juya ta. Ma'anarta ita ce ƙasa mai 'yanci tana rayuwa ne a kan wasu sharuɗɗa da ita kanta ba za ta iya lamunce su ba. Tana buƙatar amana da kunya da riƙon alkawari daga jama'arta, amma ranar da ta ce za ta dasa su da ƙarfin hukuma, ta daina zama ƙasa mai 'yanci. To daga ina za su fito? Daga gida, da makaranta, da wurin ibada, da maƙwabta, da ƙungiyoyin da mutane ke kafa wa kansu. Nan ne masu ra'ayin riƙau suka kafa ƙafarsu.

Idan haka ne, me suke so a koya wa yaro a makaranta?

Abu na farko shi ne sani na zahiri. Yaro ya san yadda ake yin doka a ƙasarsa, da wanda ke da ikon sa haraji, da bambancin aikin majalisa da na shugaba da na kotu, da abin da ya wajaba a yi wa mutum idan an kama shi. Ya san tarihin ƙasar da sunaye da shekaru. Masu wannan ra'ayi suna ƙorafin cewa an yawaita koya wa yara bayyana ra'ayi tun kafin a ba su abin da za su gina ra'ayin a kai. A Amurka wannan ƙorafi ne ya sa jihar Arizona a 2015 ta zama ta farko da ta wajabta wa ɗaliban sakandare cin jarrabawar da ake yi wa baƙi masu neman zama 'yan ƙasa, wadda a lokacin take da tambayoyi 100. Hujjarsu mai sauƙi ce: abin da ake nema daga baƙo bai kamata ɗan gida ya jahilce shi ba.

Na biyu, a haɗa haƙƙi da nauyi. Wanda ya san yana da haƙƙin a yi masa shari'ar adalci ya kuma san cewa idan an kira shi shaida dole ya je. Wanda ke neman hanya mai kyau ya san da kuɗin haraji ake yin ta.

Na uku shi ne ƙaunar ƙasa, kuma a nan ne aka fi samun saɓani. Masu ra'ayin riƙau suna cewa mutum ba ya wahala wajen gyara abin da aka koya masa ya raina. Idan duk abin da yaro ya ji game da ƙasarsa zalunci ne da sata da kisa, to idan ya girma ko dai ya gudu ya bar ta, ko ya shiga layi ya ɗebi rabonsa. Sun fi son a fara nuna masa abin da ya gada na alheri da mutanen da suka sha wuya a kansa, sannan a buɗe masa munanan shafukan yana da shekarun da zai iya ɗauka.

Wannan ba cusa wa yara aƙida ba ne? Ina bambancinsa da farfagandar gwamnatocin kama-karya?

Tambaya ce mai ƙarfi, kuma haɗarin gaskiya ne. An sha yin amfani da sunan kishin ƙasa wajen goge laifuffukan shugabanni daga littattafan makaranta. Ina ganin duk wanda ya ɓoye wa yaro tarihin bautar da mutane ko kisan gilla don kada ya ji haushin ƙasarsa ya cuce shi, ya kuma cuci ƙasar, domin ranar da yaron ya gano zai daina yarda da sauran abin da aka koya masa, har da na gaskiyar.

Jamusawa, waɗanda suka ɗanɗana makarantun zamanin Hitler, sun yi wani tsari da ya dace a duba. A 1976 malamai da masana masu ra'ayoyi mabambanta suka haɗu a garin Beutelsbach, aka fitar da ƙa'idoji uku. Haramun ne malami ya danne ɗalibi da ra'ayinsa. Duk abin da ake jayayya a kansa a siyasa ko a fagen ilimi, a kawo shi aji a matsayin abin jayayya. Sannan a ba ɗalibi basirar da zai auna lamarin da idonsa ya gane inda maslaharsa take. Mai ra'ayin riƙau na ƙwarai zai yi na'am da wannan, domin ya san makaranta a hannun gwamnati take, gwamnati kuma tana canza hannu. Sandar da ka ba malami yau don ya koyar da ra'ayinka, gobe abokin hamayyarka ne zai riƙe ta.

Tun kafin su, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi a cikin Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su. Ya ce yaron da aka rena da duka da tsoro yakan koyi ƙarya da yaudara, ya riƙa nuna abin da ba shi ne a ransa ba. Wanda aka rena haka zai bi doka muddin ana kallonsa ne kawai.

Me ya sa suke yawan komawa ga iyali da maƙwabta, alhali maganar makaranta ake yi?

Saboda darasin farko ba a aji ake ba da shi ba. Ka ɗauki yaro ɗan shekara tara a kujerar bayan mota. Mahaifinsa ya keta danja, jami'i ya tsayar da shi, uban ya naɗe kuɗi a cikin takardun mota ya miƙa, suka yi dariya tare, aka wuce. Babu wanda ya ce wa yaron komai, amma ya fahimci komai. Gobe malama za ta rubuta a allo cewa kowa daidai yake a gaban doka, ya kwafa da kyakkyawan rubutu, ya ci jarrabawa, ransa kuwa na kan abin da idonsa ya gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kafin ya isa hannun malami an riga an fara.

Alexis de Tocqueville, Bafaranshen da ya zaga Amurka a 1831 ya kuma wallafa abin da ya gani a 1835 da 1840, ya lura cewa Amurkawan lokacin ba a littafi suka koyi mulkin kai ba. Sun koye shi a taron gari, da zaman kotu inda ake kiran talakawa su taimaka wa alƙali yanke hukunci, da ɗimbin ƙungiyoyin da suke kafawa don gina makaranta ko asibiti ko coci. Ya kira wannan zama na kotu makaranta kyauta wadda ƙofarta ke buɗe kullum. Mutumin da ya taɓa riƙe asusun wata ƙaramar ƙungiya ya karanta wa mambobi lissafi, ko ya sha kaye a ƙuri'ar zaɓen sakatare ya dawo taro mako mai zuwa, ya riga ya koyi abin da littafi ba zai iya ba shi ba.

Mene ne ainihin dogaro da kai a wurinsu? Kowa tasa ta fishe shi?

A'a, kuma a nan ake yawan yi musu mummunar fahimta, wani lokaci ma da laifin wasu daga cikinsu. Abin da ake nufi shi ne mai lafiya da ƙarfi ya ɗauki nauyin kansa da na iyalinsa, ya yi sana'a, ya yi tanadi, ya biya bashinsa, ya kuma sami rarar da zai tallafi wanda ya gaza. Addinai sun daɗe da faɗin haka. A hadisi ingantacce an ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace a bayansa ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi. A wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Tasalonikawa an ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Duk addinan biyu kuma sun wajabta kula da maraya da gwauruwa da mara lafiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma masu ra'ayin riƙau sun riƙe maganganun biyu tare.

Akwai ƙa'idar da ta tsara wannan, wadda Fafaroma Pius na 11 ya bayyana a 1931: abin da mutum zai iya yi wa kansa kada ƙungiya ta ƙwace masa, abin da ƙaramar ƙungiya za ta iya kada babbar hukuma ta karɓe. Ta sama ta taimaka idan ta ƙasa ta gaza, amma kada ta haɗiye ta. Tarayyar Turai ta saka irin wannan ƙa'ida a yarjejeniyar Maastricht ta 1992.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ba 'yar wannan tafiya ba ce, amma bincikenta ya ƙarfafa hujjarsu. Ta nuna yadda makiyayan wani ƙauye a tsaunukan Switzerland da manoman rani a Sifaniya suka shafe ɗaruruwan shekaru suna raba makiyaya da ruwa da dokokin da suka yi wa kansu. A birnin Valencia har yau akwai kotun ruwa da ke zama kowace Alhamis a ƙofar babban cocin garin. Alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, da baki ake shari'ar, kuma a nan take ake yanke hukunci.

To tallafin gwamnati fa? Suna adawa da shi ne?

Sun rabu a kan wannan. Yana da kyau a sani cewa inshorar ma'aikata ta zamani wani riƙaƙƙen mai ra'ayin riƙau ne ya fara ta: Otto von Bismarck na Jamus, wanda ya kawo inshorar lafiya a 1883, ta haɗari a wurin aiki a 1884, da fanshon tsufa a 1889. Damuwar mafi yawansu ita ce siffar tallafin. Shin yana ɗaga mutum ya tsaya, ko yana zaunar da shi? Idan tsarin ya kasance duk wanda ya sami ƙaramin aiki za a yanke masa taimakon da ya fi albashin, to tsarin da kansa ne ke hana shi neman aikin, kuma ba daidai ba ne a zarge shi da zama cima-zaune.

Suna kuma nuni da abin da ake rasawa idan hukuma ta karɓe komai. A Birtaniya ta ƙarni na 19 miliyoyin ma'aikata suna cikin ƙungiyoyin taimakon juna da suka kafa da kansu, suna zuba kuɗi kowane mako don jinya da jana'iza. Su ke zaɓen shugabanninsu, su ke duba asusu, su ke ziyartar mara lafiya. Bayan dokar inshora ta 1911 da kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, aikin ya koma hannun gwamnati. Taimakon ya kai ga mutanen da a da ba ya isa gare su, wannan gaskiya ne kuma alheri ne babba. Amma wata makarantar koyon riƙon amana ta rufe.

A Amurka, a 1996, majalisar da 'yan Republican ke da rinjaye ta yi dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, wadda ta ɗora sharaɗin aiki ta kuma ƙayyade shekara biyar ga karɓar tallafin kuɗi na tarayya. Yawan masu karɓa ya ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru, iyaye mata da yawa suka shiga aiki. Masu suka sun ce bunƙasar tattalin arzikin lokacin ta taimaka sosai, kuma waɗanda suka fi kowa rauni sun ƙara shiga ƙunci. Ina ganin duk ɓangarorin biyu sun faɗi wani yanki na gaskiya.

Wanda aka haifa cikin talauci, babu makaranta babu jari, ba rashin tausayi ba ne a ce masa ya dogara da kansa?

Idan magana ce kawai ake jefa masa, rashin tausayi ne. Ba a cewa wanda aka ɗaure wa ƙafa ya yi gudu. Dogaro da kai yana da sharuɗɗa: tsaro, da makarantar da ake koyon karatu da lissafi da gaske, da tabbacin cewa abin da ka tara ba za a ƙwace ba, da kotun da za ta karɓo maka haƙƙinka daga wanda ya fi ka ƙarfi. Waɗannan aikin hukuma ne. Mai mulkin da ya kasa samar da su sannan ya hau mumbari yana yi wa talaka wa'azin neman na kai, nauyinsa yake saukewa a kan wanda ba shi da laifi.

Me ake nufi da al'adar bin doka? Ba kundin tsarin mulki mai kyau ne ake buƙata ba?

Kundi mai kyau yana da amfani, amma takarda ce. Tsarin mulkin Tarayyar Sobiyet na 1936 ya tanadi 'yancin magana da na jarida da na taro, a rubuce ƙarara. A 1937 da 1938 gwamnatin Stalin ta harbe fiye da mutum 600,000. Birtaniya kuwa har yau ba ta da kundi guda da za a ɗaga a ce ga tsarin mulkinta, amma firaministan da ya rasa rinjaye a majalisa yana sauka. Tocqueville ya lura cewa Mexico ta kwafi tsarin tarayyar Amurka kusan kalma da kalma, sai dai ba ta iya kwaso ruhin da ke motsa shi ba, ta yi ta faɗawa tsakanin rikici da mulkin soja.

Al'adar bin doka ita ce abin da mutum ke yi da ƙarfe biyun dare a mararrabar da babu kowa, danja ta nuna ja. Akwai wani bincike da ya auna irin wannan. Jami'an diflomasiyyar da ke aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York suna da kariyar da ta hana a hukunta su kan ajiye mota a inda aka hana. Daga 1997 zuwa 2002 sun tara takardun tara fiye da 150,000 da ba a biya ba. Masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, suka duba su ƙasa-ƙasa, suka ga jami'an ƙasashe irin su Norway da Sweden da Denmark da Kanada kusan ba su da ko ɗaya, alhali babu abin da zai same su da sun yi. Yawancin masu tarin takardu sun fito ne daga ƙasashen da cin hanci ya yi katutu. Gari ɗaya, titi ɗaya, kariya iri ɗaya, kowa kuma ya zo da halin gidansu.

Binciken yana da kashi na biyu da ya kamata masu ra'ayin riƙau su riƙa ambata. A ƙarshen 2002 birnin ya fara cire lambar motar duk wanda ya tara bashi, nan da nan saɓa dokar ya ragu da kusan kashi 98 cikin 100. Hali yana da tasiri, hukunci ma yana da tasiri, kuma hukuncin da ya tabbata a kan kowa yana iya fara gina sabon hali.

Wace irin doka ce mutane ke girmamawa?

Wadda ba ta da yawa, ba ta canzawa kowace safiya, kowa ya san ta, kuma ta hau kan babba kamar yadda ta hau kan ƙarami. Wannan na ƙarshe ya fi komai. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki John sa hatimi a takardar da ake kira Magna Carta, inda ya yi alkawarin ba zai sayar wa kowa da adalci ba, ba zai hana ba, ba zai jinkirta ba. Cikin 'yan watanni aka soke ta, amma aka yi ta sabunta ta har ta zauna. A tarihin Musulunci akwai ƙissar matar nan ta ƙabilar Banu Makhzum da ta yi sata, aka tura Usama bin Zaid ya nema mata sassauci. Annabi (SAW) ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne idan mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi.

Dokar da ta yi nisa da abin da jama'a suka yarda da shi kuwa tana lalata sauran dokoki. Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933. Miliyoyin mutane suka saba da saye a ɓoye, 'yan sanda da yawa suka saba da karɓar na goro, gungun 'yan daba suka yi kuɗi, daga ƙarshe aka soke haramcin. Kishiyar wannan ita ce al'adar da ke riƙe mutane tun ba a rubuta ta ba. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya sauka da kansa a 1797 bayan wa'adi biyu, babu dokar da ta tilasta shi. Aka bi sawunsa fiye da shekara 140, sai bayan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu aka mai da iyakar wa'adi biyu doka a 1951.

Me ya sa suke so alƙali ya tsaya kan lafazin doka?

Don kada ikon yin doka ya koma hannun wanda ba a zaɓa ba kuma ba a iya cire shi da ƙuri'a. Antonin Scalia, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka daga 1986 zuwa 2016, shi ne fitaccen mai wannan matsayi. A 1989 ya goyi bayan hukuncin da ya ce ƙona tutar ƙasar yana cikin 'yancin bayyana ra'ayi, duk da cewa shi kansa ya tsani aikin. Masu sukarsa na cewa kalmomin tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787 ba za su warware kowace matsalar yau ba, kuma alƙalan wannan ɓangare ma sukan karkata inda ransu ke so. Amsar mabiyansa ita ce idan doka ta tsufa, majalisa da jama'a ne ke da haƙƙin gyara ta.

Idan dokar kanta zalunci ce fa?

Nan ne tarihin masu ra'ayin riƙau ke da tabo, kuma ba ya gogewa da musu. An yi amfani da hujjar al'ada da zaman lafiya wajen kare bautar da mutane, da wariyar launin fata a kudancin Amurka da Afirka ta Kudu, da hana mata ƙuri'a. Wanda ke cin moriyar tsohon tsari yakan ga hikima a cikinsa fiye da wanda tsarin ke takawa. Amma a cikin wannan gida akwai maganin cutar. Burke ya shafe shekaru, daga 1788 zuwa 1795, yana jagorantar tuhumar Warren Hastings, tsohon gwamnan Birtaniya a Indiya, kan zaluntar mutanen ƙasar. An wanke Hastings, amma Burke ya kafa hujjar cewa akwai adalcin da ke sama da ikon kowane gwamna.

Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ba ɗan wannan ra'ayi ba ne, amma wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963 ta nuna hanyar da mai girmama doka zai iya bi. Ya ce wanda zai karya dokar zalunci ya karya ta a fili, ba da ƙiyayya ba, kuma ya yarda ya ɗauki hukuncin. Mai yin haka yana kai ƙarar doka ɗaya ne gaban lamirin jama'a, bai ce kowa ya zama alƙalin kansa ba.

Shin jam'iyyun da ke kiran kansu na riƙau suna bin waɗannan ƙa'idoji?

Wani lokaci suna bi, wani lokaci suna take su. A ranar 6 ga Janairun 2021 magoya bayan Donald Trump suka kutsa ginin majalisar dokokin Amurka don hana tabbatar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da ya sha kaye, bayan kotuna sun yi watsi da ƙararraki masu yawa da aka shigar, har da alƙalan da shi kansa ya naɗa. Waɗannan alƙalai, da jami'an zaɓe 'yan jam'iyyarsa da suka ƙi canza alƙaluma, su ne suka yi aiki da abin da Burke ya koyar. Hanya mafi sauƙi ta gane mai wannan ra'ayi na gaskiya ita ce a duba abin da yake yi ranar da kotu ta yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba, ko ranar da nasa ne ya taka doka.

Ni da ba ni da muƙami, ta ina zan fara?

Ka nemi kundin tsarin mulkin ƙasarka ka karanta babin haƙƙoƙi da na ikon hukumomi, tare da 'ya'yanka idan sun isa. Ka kai su kotu wata rana su zauna a baya su ga yadda ake rantsar da shaida. Idan ka ci bashi ka rubuta, ka biya ranar da ka ɗauka. Ka shiga wata ƙungiya da ake zaɓe da karanta lissafi, ka yarda a ba ka aiki mai gajiyarwa kamar rubuta bayanin taro. Ka koya wa yaro sana'ar hannu ko da yana karatu, ka bar shi ya riƙe kuɗin da ya samu, ya yi kuskure da su tun suna kaɗan. Idan an tsayar da kai a hanya kuma kai ne da laifi, ka karɓi takardar tara a gabansa, ka je inda ake biya, ka karɓo rasit.